Jakadan da ƙasarsa ke nema ruwa a jallo: yaya aikin Carlos Vecchio ya gudana a Washinton?

Ɗalibar Akoka:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Tambayata kan Carlos Vecchio ce, lauyan nan ɗan adawar Benezuwela da ya yi gudun hijira zuwa Amurka, daga baya aka ce shi ne jakadan ƙasarsa a Washinton daga 2019 zuwa farkon 2023. Abin da ya ɗaure mini kai, mutumin da hukumomin Karakas suka fitar da sammacin kama shi, wanda in ya sauka a filin jirgin ƙasarsa kurkuku zai zarce, ta yaya ya zama jakadanta? Wa ya ba shi takardun kama aiki? Daga ina kuɗin ofis ke fitowa? Yana iya ba mutum fasfo ko biza? Me kuma ya kashe muƙamin? Ba wai wa ke da gaskiya tsakanin Nicolás Maduro da ke kan mulki a lokacin da jagoran adawa Juan Guaidó nake tambaya ba, yadda abin yake a doka da kuma a aikace nake son a warware mini. Allah ya saka da alheri.

Baristan Ikeja:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Jakadanci hannu biyu ne ke ɗaura shi, na mai aikowa da na mai karɓa. Hannun mai karɓa, wato Amurka, babu gardama a kansa. Duk rigimar tana kan wanda ya aiko ne. Amma mu fara da mutumin tukuna.

An haife shi a 1969 a Caripe, ƙaramin gari a jihar Monagas ta gabashin ƙasar. Ya karanta shari'a a babbar jami'ar gwamnati da ke Karakas, ya tafi Amurka da tallafin karatu na Fulbright, ya yi digiri na biyu a Georgetown, ya kuma karanta harkar mulki a makarantar Kennedy ta Harvard. Asalinsa lauyan haraji ne, ba lauyan kare haƙƙin ɗan Adam ba kamar yadda wasu ke zato, kuma ya yi aiki a sashen haraji na reshen ExxonMobil a ƙasar. Ki riƙe wannan, don da shi magoya bayan tsohon shugaban ƙasar Hugo Chávez suka yi ta yi masa gori, ganin cewa kamfanin ya kai ruwa rana da gwamnati a kotuna bayan ta karɓe aikinsa na Cerro Negro a 2007.

A ƙarshen 2009 suka kafa jam'iyyar adawa ta Voluntad Popular shi da Leopoldo López da wasu, ya zama mai tsara harkokin siyasa na jam'iyyar, wato na biyu bayan López. Ranar 12 ga Fabrairun 2014 zanga-zangar da suka kira a Karakas ta ƙare da mutuwar mutum uku da ɓarna a ofishin babban mai gabatar da ƙara. Kotu ta ba da sammacin kama López, bayan 'yan kwanaki ta ba da na Vecchio, kan tuhume-tuhume iri ɗaya: tunzura jama'a, cinna wuta, lalata dukiya da haɗa baki wajen aikata laifi. López ya miƙa kansa ranar 18 ga wata, aka kai shi gidan yarin soja na Ramo Verde, a Satumbar 2015 aka yanke masa shekara 13 da wata 9. Vecchio ya ɓuya sama da wata uku, sai ga shi ya ɓulla a New York a watan Yuni. Shekara kusan biyar da ya yi a waje kafin 2019, yana zirga-zirga tsakanin 'yan majalisar Amurka irin su Marco Rubio da Ƙungiyar Ƙasashen Nahiyar Amurka, ita ce jarinsa. Da lokaci ya yi, ba baƙo ba ne a ofisoshin da zai shiga.

Yanzu ga dokar. 'Yan adawa sun ci kujera 112 cikin 167 a zaɓen majalisa na Disambar 2015. Sun ƙi amincewa da zaɓen shugaban ƙasa na Mayun 2018, don haka da aka rantsar da Maduro ranar 10 ga Janairun 2019 suka ce kujerar babu kowa a kanta. Sashe na 233 na kundin tsarin mulkinsu ya ce in babu zaɓaɓɓen shugaba kafin rantsarwa, shugaban majalisa ne zai riƙe, a yi zaɓe cikin kwana 30. Da wannan Juan Guaidó, shugaban majalisar, ya rantsar da kansa ranar 23 ga Janairu, Trump ya amince da shi a ranar. Kundin ya ba shugaban ƙasa ikon naɗa jakadu da iznin majalisa, ga shi kuwa shugaban riƙon da majalisar duk gida ɗaya ne, sai naɗin ya zo da sauƙi. Raunin hujjar shi ne kwana talatin ɗin. Majalisa ta yi dokar miƙa mulki ranar 5 ga Fabrairu ta ce ba za a fara lissafi ba sai Maduro ya sauka. Lauyoyi da yawa, har da masu goyon bayansu, sun ga an ja sashen fiye da yadda zai miƙe.

A ɓangaren mai karɓa, Yarjejeniyar Vienna ta 1961 kan hulɗar jakadanci ce ke aiki. Sashe na 4 ya ce sai ƙasar da za a tura mutum ta yarda da shi tun kafin a tura shi. Sashe na 14 ya raba shugabannin ofis aji-aji: cikakken jakada ga shugaban ƙasa yake miƙa takardunsa, muƙaddashi kuwa ga ministan harkokin waje. Shi ya sa aka fara da muƙaddashi, don sa hannun ministan harkokin wajen Amurka na lokacin, Mike Pompeo, kaɗai ya isa, aka sanar ranar 27 ga Janairu. Bayan kwana biyu ya gana da mataimakin Trump, Mike Pence. Takardun cikakken jakada sai ranar 8 ga Afrilu ya miƙa wa Trump, ɗauke da sa hannun Guaidó. Yarjejeniyar ba ta faɗi wace ce gwamnatin ƙasa ba in mutum biyu suna iƙirari, ta bar wa mai karɓa. A Amurka kuma Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Zivotofsky ta 2015 cewa ikon amincewa da wata gwamnati na shugaban ƙasa ne shi kaɗai. Daga ranar da Fadar White House ta furta, kowane alƙali da kowane banki a Amurka dole ya ɗauki sa hannun Vecchio a matsayin na Benezuwela. Sammacin Karakas bai shiga lissafi ba, don a idon Washinton kotun da ta bayar ba ta da hurumi a kan ɗan diflomasiyyar da ta karɓa.

Hajiyar Obalende:

Barista ya kawo doka, ni bari in kawo maganar kanta, inda talaka ke tsayawa da takardunsa.

'Yata, amsar tambayarki ta fasfo ita ce a'a. Bai taɓa iya buga fasfo ko ɗaya ba. Ki kwatanta da namu: ofishin Alagbon da ke Ikoyi ko na Festac suna ɗaukar hoto da zanen yatsa, amma rumbun bayanan da littattafan fasfon na hedikwatar hukumar shige da fice ne. In aka yanke layi daga can, ofishin ya zama ɗaki da kujeru. A Benezuwela hukumar da ke wannan aiki sunanta SAIME, tana ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida, kuma duk tsawon aikin Vecchio ba ta taɓa fita daga hannun Maduro ba. Biza ma haka, ko ya manna ta a fasfon wani, jami'in da ke filin jirgin Maiquetía na kusa da Karakas ba zai duba ta ba.

Dabarar da suka yi ita ce, Guaidó ya sa hannu kan doka a Mayun 2019 cewa kowane fasfo an ƙara masa shekara biyar kan ranar ƙarewar da ke rubuce a jikinsa, Amurka ta sanar a watan Yuni cewa ta karɓa. Babu tambari, babu sitika, lissafi ne kawai: fasfon da ya mutu a Maris na 2018 yana da rai har Maris na 2023 wajen neman bizar Amurka da shiga ƙasar. Kanada ta bi sahu. Ya taimaki mutane da yawa, wannan gaskiya ne. Inda ya gaza kuwa a bayyane yake. Jaririn da aka haifa a waje ba shi da fasfon da za a ƙara wa kwana. Wanda nasa ya ɓata ko shafukansa suka cika, haka. Ƙasar da ba ta amince da dokar ba, ko kamfanin jirgin da ma'aikacinsa bai san da ita ba, sai a bar mutum a bakin kanta. Kuma da yake Maduro ya rufe ƙananan ofisoshin jakadancinsa a Amurka bayan yanke hulɗa, mai son sabon littafi sai ya ƙetara wata ƙasa kamar Meziko, inda ofishin Maduro ke aiki, a ɗauki yatsunsa. Wato ɗan ƙasa yana da jakada a Washinton, amma fasfonsa yana hannun wanda jakadan ke yaƙa.

Ofishin Vecchio ya buɗe rajistar 'yan ƙasa ta intanet, yana ba da wasiƙun shaida, ya kuma matsa lamba kan izinin zama na wucin gadi. Trump bai bayar ba, sai a ranarsa ta ƙarshe cikakkiya a ofis, 19 ga Janairun 2021, ya dakatar da korarsu. Biden ne ya ba da izinin ranar 8 ga Maris, na wata 18, aka ƙiyasta mutum kusan 320,000 sun cancanta. Ki lura, gwamnatin da ta fi kowa ɗaga Guaidó ita ce ta shekara biyu tana jan ƙafa kan takardun mutanensa.

Maganar gini ma ba a tashi ɗaya aka samu ba. Ranar 18 ga Maris na 2019 ya karɓi gine-gine biyu na wakilan soja a Washinton da ƙaramin ofishin New York, abin ya zo da sauƙi don wakilin sojan, Kanar José Luis Silva, ya riga ya sauya sheƙa tun Janairu. Babban ofishin da ke unguwar Georgetown kuwa, kafin mutanen Maduro su tafi a Afrilu sun ba wasu 'yan gwagwarmayar Amurka makulli, ciki har da ƙungiyar Code Pink. Suka tare a ciki, suna kafa hujja da sashe na 22 da ya hana jami'an ƙasa shiga ofishin jakadanci sai da iznin shugaban ofishin. To wa ne shugaban ofishin? A wurin Amurka Vecchio ne. Shi ya nemi a yanke wuta, aka yanke ranar 8 ga Mayu, shi ya ba da iznin shiga, 'yan sanda suka fitar da mutum huɗun ƙarshe ranar 16 ga wata. Da aka gurfanar da su, alƙaliyar ta hana a kawo wa masu taya ta hukunci gardamar wa ne halastaccen shugaba, daidai da abin da Barista ya ce.

Ɗan Apapa:

Hajiya, Allah ya ƙara girma. Ni a ganina fasfo da gini duk kwalliya ce, naman yana wajen mai da asusu.

Ranar 25 ga Janairun 2019 Pompeo ya ba da shaida, bisa sashe na 25B na dokar babban bankin Amurka, cewa Guaidó ne ke da iko da asusun gwamnati da na babban bankin Benezuwela da ke reshen babban bankin Amurka na New York. Ranar 28 aka ƙaƙaba wa kamfanin mai na ƙasa, PDVSA, takunkumi. A Agusta aka daskarar da duk kadarorin gwamnatin da ke Amurka. Kalmar iko ɗin nan kada ta ruɗe ki, ƙanwata. Kuɗin suna daskare, ba a taɓa sisi sai ofishin OFAC na Baitulmalin Amurka ya ba da lasisi. Hanyar ita ce: majalisa ta yi dokar kasafi, a rubuta dalla-dalla abin da za a kashe da wanda za a biya, a kai wa OFAC, a jira watanni, in ta yarda bankin ya saki. Dokar da suka yi a 2020 ta kai kusan dala miliyan 80, daga nan ake biyan ma'aikatan riƙon ƙwarya da ofisoshin waje da lauyoyi. Daga irin wannan kuɗi ne aka biya ma'aikatan lafiya sama da 60,000 dala 100 a wata har wata uku lokacin korona, ta manhajar AirTM, ita ma gwamnatin Maduro ta toshe ta sai da mutane suka zagaya. Ita kuwa yarjejeniyar dala miliyan 98 da Vecchio ya sa wa hannu da shugaban hukumar ba da agaji ta Amurka, USAID, Mark Green, a Oktoban 2019, ba a asusun ofishinsa aka zuba ba, ta hannun ƙungiyoyin da hukumar ke ba kwangila ta bi.

Babbar kadara ita ce Citgo, kamfanin tace mai na PDVSA a Amurka, hedikwatarta a Houston. Matatu uku: Lake Charles a Louisiana, Corpus Christi a Texas, Lemont a Illinois, a haɗe suna tace sama da ganga 750,000 a rana. Ta Dangote da ke Lekki an gina ta kan 650,000, sai ki auna. Sarƙar mallakar a lokacin haka take: gwamnati ta mallaki PDVSA, PDVSA ta mallaki PDV Holding da ke rajista a jihar Delaware, ita ta mallaki Citgo Holding, ita kuma Citgo Petroleum. A Fabrairun 2019 majalisa ta naɗa wa PDVSA hukumar gudanarwa ta wucin gadi, ita ta sauya daraktoci daga sama zuwa ƙasa, Luisa Palacios ta zama shugabar hukumar Citgo. Daraktocin Maduro sun kai ƙara Delaware, kotu ta yi watsi da su a Agusta. Ba Vecchio ke tafiyar da Citgo ba, shari'o'in ma akwai babban lauya na musamman, José Ignacio Hernández a farko. Aikin jakada shi ne sintiri tsakanin Baitulmali da ma'aikatar harkokin waje don kada a janye kariyar da ke hana masu bin bashi ƙwace hannun jari.

Bashin kuwa ba kaɗan ba ne. Crystallex, kamfanin Kanada da aka ƙwace wa mahaƙar zinariya ta Las Cristinas, kotun sasanci ta ba shi dala biliyan 1.2 ban da ruwa. Kamfanin man Amurka ConocoPhillips kuma kotun sasanci ta yanke a biya shi sama da biliyan 8 a Maris na 2019. Maduro ya jinginar da kashi 50.1 na Citgo Holding ga masu takardun bashin PDVSA na 2020, sauran 49.9 ga Rosneft na Rasha. 'Yan adawa sun biya ruwan dala miliyan 71 a Mayun 2019 don kada jinginar ta faɗi, a Oktoba da biyan miliyan 913 ya zo suka ƙi, suka kai ƙara New York cewa majalisa ba ta amince da bashin ba tun asali. Biyan farkon nan sai da aka yi ta jefa musu shi a kotu da wajenta.

Ga inda abin ya juye musu. A doka, kamfani daban gwamnati daban, mai bin gwamnati bashi ba ya kama kayan kamfaninta sai ya nuna cewa kamfanin inuwarta ce kawai. Alƙali Leonard Stark ya yanke haka kan PDVSA ta zamanin Maduro a Agustan 2018. Lauyoyin Guaidó suka ce ai yanzu an gyara, kamfanin yana cin gashin kansa. A Maris na 2023 alƙalin ya duba yadda gwamnatin riƙon ta riƙa sa hannu a harkar kamfanin da kuɗinsa, ya ce su ma haka suka yi, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a Yuli. Wannan ya buɗe wa sauran masu bin bashi layi, iƙirarin da aka jera a Delaware ya kai wajen dala biliyan 20, aka shiga gwanjon hannun jarin PDV Holding. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A 2024 wani kamfanin Sin ya sa kotun Faransa ta riƙe jiragen fadar shugaban Nijeriya kan rigimar yankin ciniki da gwamnatin Ogun. Bashin jiha, kayan tarayya.

Ɗalibar Akoka:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. To in haka ne, duk wanda ya ce an ƙwace masa zaɓe zai iya naɗa jakadu ke nan, in dai ya samu mai karɓa? Kuma sauran wakilan Guaidó a wasu ƙasashe, su ma sun samu abin da Vecchio ya samu?

Dattijon Agege:

Jikata, ba sai kin je Karakas ba, ki hau mota zuwa Epetedo a cikin Eko. A nan Abiola ya ayyana kansa shugaban ƙasa ranar 11 ga Yunin 1994, shekara guda bayan zaɓen da aka soke. Ranar 23 aka kama shi. Hujjarsa ta ƙuri'a ta fi ta Guaidó ƙarfi, don shi takara ya tsaya aka zaɓe shi, amma babu ƙasar da ta amince da shi a matsayin gwamnati. 'Yan NADECO da suka fita waje, su Enahoro da Tinubu, sun yi ta shiga ofisoshi a Landan da Washinton, har gidan rediyo aka buɗe da sunan Kudirat, amma a matsayin 'yan adawa ake karɓarsu, makullin ofishin jakadancin Nijeriya yana hannun mutanen Abacha. Abin da Vecchio yake yi ke nan daga 2014 zuwa 2018. Bambancin 2019 shi ne akwai zaɓaɓɓiyar majalisa da ke zaune a cikin ƙasa, akwai kuma babbar ƙasa da ta ga amfaninta a ciki.

Kada kuma a haɗa shi da Biyafara. Tanzaniya, Gabon, Kodibuwa da Zambiya a 1968, da Haiti a 1969, sabuwar ƙasa suka amince da ita. Nan ƙasar ɗaya ce, wa ke magana da yawunta ake jayayya.

Inda irin wannan ya yi aiki, a yankinmu ne. A Kodibuwa bayan zaɓen Nuwamban 2010, Ouattara yana killace a otal ɗin Golf, amma Majalisar Ɗinkin Duniya ta karɓi jakadansa Youssoufou Bamba a Disamba, babban bankin yankin sefa ya mayar da sa hannun asusun ƙasa gare shi, ECOWAS ƙarƙashin Jonathan ta tsaya masa. Gbagbo ya shiga wahalar biyan albashi, ga mayaƙa daga arewa, ga sojan Faransa, aka kama shi ranar 11 ga Afrilun 2011. A Gambiya an rantsar da Barrow a ofishin jakadancin ƙasarsa da ke Dakar ranar 19 ga Janairun 2017, sojan ECOWAS na bakin iyaka, Jammeh ya fita bayan kwana biyu. Watanni ko kwanaki, ba shekaru ba. A Benezuwela soja bai motsa ba. Yunƙurin shigar da kayan agaji ta Cúcuta, garin Kolombiya da ke kan iyaka, ranar 23 ga Fabrairun 2019 ya ci tura, na jawo soja ranar 30 ga Afrilu a gaban sansanin La Carlota da ke Karakas ya watse kafin dare. A watan Mayu Vecchio ya rubuta wa Admiral Craig Faller na rundunar kudancin Amurka yana neman zama, kuma ni a nan nake ganin ya yi kuskure. Bai samu soja ba, ya kuma ba Maduro abin nuna wa jama'a cewa ga mai gayyato mamaya.

Sauran wakilan, kowa da rabonsa. Gustavo Tarre ya samu kujerar Ƙungiyar Ƙasashen Nahiyar Amurka da ƙuri'a 18 a Afrilun 2019. A Majalisar Ɗinkin Duniya kwamitin tantance wakilai mai ƙasa tara bai taɓa Samuel Moncada na Maduro ba. A Landan Birtaniya ta amince da Guaidó, Kotun Ƙolinta ta bi wannan a Disambar 2021 kan zinariya kusan tan 31 da ke babban bankin Ingila, amma jakadiyar Maduro tana zaune a ofishinta, wakiliyar Guaidó tana waje. A Kosta Rika María Faría ta yi gaggawar shiga ofis alhali an ba mutanen Maduro kwana 60, gwamnatin ƙasar ta tsawata, ta fita. Nijeriya kuwa ba ta shiga cikin ƙasashe hamsin da 'yan kai da suka amince da Guaidó ba, abokan zama ne a OPEC.

Baristan Ikeja:

Baba ya gama magana kan kwatance, sai dai ina da ɗan ja kan wasiƙar Faller. Guaidó ne ya umarce shi a bainar jama'a, jakada kuwa ɗan aike ne. In akwai laifi, na wanda ya aike shi ne.

Saura tambayar ƙarshe, me ya kashe muƙamin. Ba Maduro ba ne, ba kuma Amurka ce ta kore shi ba. Wa'adin majalisar 2015 ya ƙare ranar 5 ga Janairun 2021, suka riƙa sabunta wa kansu shekara-shekara. Tarayyar Turai ta daina kiran Guaidó shugaban riƙo a watan. Zargin almundahana kan kuɗin agaji a Cúcuta da kamfanin takin Monómeros da ke Kolombiya ya raba kawunansu, Julio Borges da ke riƙe da harkokin waje ya ajiye aiki a Disambar 2021 yana cewa a rushe tsarin. Bayan yaƙin Yukren ya ɓarke, jami'an Biden suka sauka Karakas a Maris na 2022 suka zauna da Maduro kai tsaye, a Nuwamba aka ba Chevron lasisin ci gaba da haƙo mai. Petro ya hau mulki a Kolombiya a Agusta ya maido da hulɗa. Jakadan da mai masaukinsa ke ganawa da abokin gabarsa ba tare da shi ba, kin san saura suna. Abin dariyar ma, jakadan Amurka a Benezuwela, James Story, shi ma daga Bogota yake aiki, don an kwashe ma'aikatansu daga Karakas tun Maris na 2019.

Ranar 30 ga Disambar 2022 majalisar da kanta ta kaɗa ƙuri'a, 72 suka ce a rushe gwamnatin riƙo, 29 suka ƙi, 8 suka ƙaurace. Matakin ya fara aiki 5 ga Janairun 2023, Dinorah Figuera, ita ma tana gudun hijira a Sifaniya, ta zama shugabar majalisar. Sun bar hukumomin da ke riƙe da Citgo da asusu, suka cire ofishin shugaban ƙasa. Matsalar da wannan ya haifar ta doka ce zalla. Jakada wakilin ɓangaren zartarwa ne, takardunsa sa hannun shugaban ƙasa suke ɗauka. Babu shugaba, babu mai aikowa, sai aikin Vecchio ya faɗi tare da na Guaidó, haka na Tarre. Amurka ta ce har yanzu tana ɗaukar majalisar 2015 a matsayin hukumar dimokuraɗiyya da ta rage, amma majalisa ba ta naɗa jakada. Fernando Blasi da suka tura ya zama wakilin majalisa ne kawai, ba shi da matsayin da Vecchio ya riƙe.

Ginin Georgetown da aka sha wancan dambarwa a kansa, a Fabrairun 2023 ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta karɓi makullansa tare da sauran gine-ginen, ƙarƙashin dokar ofisoshin ƙasashen waje ta 1982. Sashe na 45 na Vienna ya ɗora wa ƙasa mai masauki kare ginin da takardun da ke ciki in ofis ya rufe, ya kuma ba ƙasar da ta aiko damar damƙa su ga ƙasa ta uku. Tun 2019 aka so yin haka, Amurka ta zaɓi Suwizalan ta kula mata da nata a Karakas, Maduro ya nemi Turkiyya ta kula da nasa a Washinton. Amurka ta ƙi, don karɓar wannan buƙata daga hannunsa tamkar amincewa ce da shi, shi kuma bai bar tsarin Suwizalan ya fara aiki ba.